Ana Neman Mai Kwasar Ƙarshe a Adashin Mama Rahmatu

Zuwa ga
Mai Girma Farashin Canji,
Uban gidan Naira, mai hawa ba tsani, mai sauka sai ya ga dama,
A duk ofishin da kake zaune.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Ba zan tambaye ka ko ka tashi lafiya ba, domin duk Minna mun shaida ka tashi. Jiya ma ka tashi.

Sunana Gimba Suleiman, ina buga bulo a Sauka Kahuta. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka in ka ga kuskure a rubutu ka yafe. Na daɗe ina neman wanda zan kai wa kukana. Wani ya ce in rubuta wa manya a Abuja. Sai na ji wani mai ilimi a rediyo yana cewa ai yanzu manya sun cire hannu, an bar kasuwa ta yi halinta. Na tafi kasuwa. 'Yan kasuwa suka ce su ma ba su ba ne, kowa ya ciro waya daga aljihu ya nuna mini sunanka. To, yallaɓai, tunda kowa ya nuno ka, ni da kai ne.

Abin da ya kawo ni ƙofarka ƙarami ne, har ina jin nauyin faɗa wa mai harka da jiragen ruwa. Injin markaɗe ne, irin wanda mata ke kawo wake da tattasai da gero a markaɗa musu. Bayana ya fara yi mini gargaɗi cewa ba zai daɗe yana ɗaukar bulo ba, in na sunkuya da safe sai na dafa bango kafin in miƙe. Baba Ndatsu, dattijon da ke da gidan kan kwana a layinmu, ya ba ni gefen katangarsa in kafa inji, ba haya sai na fara samu. Shekara uku yana riƙe mini wurin nan. Bana ya kira ni ya ce, "Gimba, ɗana, ni ma da baki nake cin abinci. In aka shiga sabuwar shekara ban ji ƙarar inji a nan ba, akwai mai son kafa rumfar cire kuɗi." Bai yi laifi ba. Ni ma ban yi ba. Shi ya sa nake so mu duba tare, ni da kai, mu gano wanda ya yi.

Na ɗaya. Ka ɓata mana kwasar ƙarshe.

Mu goma sha biyu ne a adashin Mama Rahmatu, mai sayar da shinkafa 'yar Bida. Akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa coci, zubi wata-wata. A adashinmu ba a jefa ƙuri'a. Zama ake yi a shagonta, kowa ya faɗi buƙatarsa. Mai kuɗin makarantar yara ya shiga gaba, mai jiran haihuwa ya bi shi, manya su zaɓi watan da suke so. Kwasar ƙarshe kuwa ba kowa ake ba wa ba. Sai wanda aka yarda da shi, wanda zai zuba wata goma sha ɗaya bai ga komai ba kuma bai yi ƙorafi ba. Mama Rahmatu takan ce na ƙarshe shi ne ginshiƙin adashi, in ya tsaya kowa ya tsaya. Da ta dube ni a gaban manya ta ce, "Gimba ne zai riƙe mana ƙarshe," wallahi har gida na je ina murmushi. Kuma akwai daɗinta. Ka kwashi kuɗinka ka tafi, ba sauran zubi a wuyanka.

Ranar da muka fara, abin da za a tara ya isa inji cikakke, har da man gwaji. Na je shago na tambaya, na tabbatar. Gideon tela ya kwashi farko ya sayi keken ɗinki sabo fil. Ranar da kwasata ta zo, kuɗin nan dai ne, ko sisi bai ɓace ba, Mama Rahmatu ta lissafa mini a hannu. Na kai shago aka ce rabin inji ne. Ranka ya daɗe, ina rabin ya tafi? Ba a fasa shagon Mama Rahmatu ba. Ba wanda ya gudu da zubi. Ɓarawon da muka sani yakan bar alama, ko tsagin katanga ko sawun takalmi. Kai kuwa aikinka tsaf, ka ɗauke naman ka bar mana takardar da aka naɗe shi a ciki. Na jinjina wa ƙwarewarka.

Na biyu. Maganar injin da ke shagon Abdulwasiu.

Abdulwasiu shi ne mai sayar da injina a kasuwa, mutumin kirki, ya san ni har yana ba ni kujera. Shi ya ba ni shawara in riƙa saye gunduwa-gunduwa. A zagayen farko na sayi teburin ƙarfen da ake ɗora inji da mazurarin zuba kaya. Muka sake zagaye, muka ƙara zubi, aka sake ba ni ƙarshe saboda na riƙe amana. Na fito da bakin markaɗen da bel. Yanzu a ɗakina akwai komai na injin markaɗe, ban da abu ɗaya, kan injin da ke shan fetur ya juya sauran. Ina kwana da su. Ƙanwata tana shanya kaya a kan teburin.

Kan injin yana nan a shagon Abdulwasiu, a saman kanta ta hagu, cikin kwali mai yagaggen kunne. Shekara uku ina kallonsa. Gizo-gizo ya yi gida a kansa, ya yi 'ya'ya, 'ya'yan sun yi nasu gidan. Bai taɓa motsawa daga wurin ba. Amma duk ranar da na tambayi kuɗinsa, Abdulwasiu ba kwalin yake dubawa ba, wayarsa yake dubawa, ya girgiza kai ya ce, "Aboki na, dala ya tashi." Ina so ka yi mini bayani da girmanka. Da dare injin nan yake fita ƙasar waje ya dawo kafin asuba? Wa ke biya masa kuɗin jirgi? In kuwa yana nan zaune, yaya aka yi abin da ke zaune ya fi ni gudu, ni da nake aiki daga safe har la'asar?

Kada ka ce ina zargin Abdulwasiu. Ya ce in ya sayar mini a tsohon farashi, ba zai iya sayo wani ya mayar a gurbin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mama Mary mai doya ma gaskiya ta faɗa da na ce mata doyar nan fa daga hanyar Paiko ta zo, ba ta san teku ba. Ta ce, "Doya bai san teku ba, amma taki ya sani, maganin ciyawa ya sani, mota ya sani." Kowa a garin nan gaskiya yake faɗa, yallaɓai, kuma kowa yana talaucewa. Wannan ma fasaha ce da ban taɓa ganin irinta ba sai a wurinka.

Na uku. Saukarka.

Wani lokaci an yi shela cewa ka sauko. Na ajiye shebur na tafi kasuwa da saurina. Abdulwasiu ya ce ai wannan tsohon kaya ne, da tsada ya saye shi. In ka hau, kuɗin sabon da bai iso ba nake biya. In ka sauka, kuɗin tsohon da ke nan nake biya. Ina roƙon a sanar da ni ranar da ake sayar da na tsakiya.

Na huɗu, kuma a nan ina neman ka gyara zama, domin wannan ko kai sai ka yi dariya.

Da za mu shiga zagaye na uku, muka ce mun gane ka. Tunda kuɗi ke narkewa, mu daina zuba kuɗi. Aka kawo shawarar shinkafa, aka ce ƙwari. Aka ce man gyaɗa, aka ce yara za su riƙa ɗiba. Ni da bakina na ce siminti. Ina ganin yadda farashinsa ke bin ka sau da ƙafa a wurin aikinmu, ko da yake a ƙasar nan ake yin sa. Kowa ya zuba buhu biyu a wata, mai kwasa ya kwashi buhunansa ya sayar a farashin ranar. Na farko da na ƙarshe sun zama ɗaya. Aka tafa mini. Gideon ya ce, "Gimba, da ka yi boko da yanzu kai ne gwamnan banki." Aka sake ba ni ƙarshe, wannan karon har da addu'a.

Abin da ban lissafa ba shi ne ka riga ka koya wa mutane karatu. Gideon ya kwashi farko. Ya zauna ya yi tunani, in ya sayar da simintin duka, to wata mai zuwa da tsada zai sayi buhu biyun zubi, na gaba ya fi tsada. Sai ya sayar da kaɗan ya jibge sauran a bayan shagonsa, duk wata ya ɗauko biyu daga ciki ya kai. Na biyu ya ga dabarar, ya yi haka. Na uku ma. Kafin a kai tsakiyar shekara ba mai sayen sabon siminti a cikinmu sai mu da ba mu kwasa ba. Buhunan nan dai ne ke yawo daga gida zuwa gida a baro, kamar masu ziyarar dangi.

Sai damina ta sauka. Kai da kake zaune a ofis mai sanyi wataƙila ba ka san abin da ruwan Agusta na Minna ke yi wa simintin da ya kwana a ƙasa ba. Daskarewa yake yi. Yakan fara daga kusurwa, ya bi gefe, har ya zama dutse mai siffar buhu. To duk wanda kwasarsa ta zo, sai ya bi buhunan yana dannawa da yatsa. Masu laushi ya sayar. Masu tauri ya ware gefe, na zubi ne. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya mayar da buhu, domin kowa yana da na bayansa da zai miƙa wa. Mama Rahmatu shinkafa ta sani, ita dai ta ƙirga buhu ya cika. Na lura tun da wuri, na yi magana. Aka ce, "Haba Gimba, kai da ba ka da fitina." Na bar maganar, tunda manyana ne.

Ni ne ba ni da na baya.

Ranar kwasata aka kawo mini buhu ashirin da huɗu, ba wanda ya yi fashi, kowa ya cika alkawari. Mai baro sai da ya nemi ƙarin kuɗi. A cikinsu har na gane wanda na zuba da hannuna a watan farko, da ɗinkin da na yi masa a baki da zaren buhu. Ya zaga gida goma sha ɗaya ya dawo wurin mai shi, ya girma, ya yi ƙwari. Huɗu ne kawai suka fasu da guduma har aka samu abin yaɓe. Sauran na jera su a ƙofar gida. Mahaifiyata tana taka su ta tsallake kwata in an yi ruwa, dattawan layi suna zama a kai da yamma. Kuma a nan dole in yi maka adalci, ranka ya daɗe. Tun da na mallake su darajarsu ba ta ragu ba ko kaɗan. Su ne kaɗai dukiyata da ka kasa taɓawa.

Za ka ce wannan ba laifinka ba ne, ruwan sama ne da son kai. To wa ya koya wa Gideon danna buhu da yatsa? Mutumin nan ya ɗinka wa mahaifiyata kayan salla kyauta shekarar da mahaifina ya rasu. Ba mugu ba ne. Tsoronka yake ji, kamar kowa. Yanzu in mun haɗu a hanya sai ya tuna yana da kira a waya.

Na biyar. Haƙurin da ake aiko mana ta rediyo.

Masu ilimi sun ce abin ba mu kaɗai ya shafa ba. Wai ka je Masar, ka je Turkiyya, ka je Gana, ka je wata ƙasa mai nisa da ake kira Ajantina, duk ka yi musu irin wannan ziyara. Sun ce haka abin yake ga ƙasashe masu tasowa, in manyan ƙasashe suka ƙara kuɗin ruwa sai masu kuɗi su kwashe dalarsu su koma can. Na saurara da kyau, kuma ina ganin na gane. Ashe ƙasashe ma adashi suke yi. Akwai masu kwasar farko, akwai waɗanda ake yaba wa haƙurinsu. Na ji daɗi ƙwarai da na san a Ajantina ma akwai wani Gimba da ke kwana da rabin inji. In ka koma can ka gaishe shi, ka ce masa kada ya yarda da maganar siminti.

Sai dai ina da tambaya. Masu cewa mu ƙara haƙuri ana gyara, a wane wata suke kwasa? Domin na lura ba a taɓa ce wa mai kwasar farko ya yi haƙuri ba. Haƙuri kaya ne da ake ɗora wa wanda aka ga ya iya ɗauka, kamar bulo. In ka ɗauki biyu ba ka yi nishi ba, gobe uku za a ɗora maka.

Na shida, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Ranar Asabar da ta wuce muka zauna a shagon Mama Rahmatu don tsara zagaye na huɗu. An koma kuɗi, ba mai son jin sunan siminti. Ta ce kowa ya faɗi buƙatarsa kamar yadda aka saba. Yallaɓai, ban taɓa sanin unguwarmu na cikin irin wannan masifa ba. Mutum goma sha biyu, buƙatar gaggawa goma sha biyu, duk a watan farko. Mai cewa rufin ɗakinsa zai faɗo. Mai cewa matarsa ta kusa haihuwa, alhali wancan watan muka sha sunan jaririnta. Mama Mary, wadda a da takan ce a ba yara su fara ita ba ta sauri, ta ce ƙafarta na ciwo kuma ciwon ba zai kai wata na biyu ba. Da aka zo maganar ƙarshe sai kowa ya juyo yana kallona da fara'a, irin kallon da ake yi wa rago ana saura kwana biyu salla.

Na ce a'a. Ban ɗaga murya ba. Na ce ina da kan inji a shagon Abdulwasiu da gefen katanga a gidan Baba Ndatsu, kuma sabuwar shekara ta ƙarato. In na kwashi farko na haɗa da ɗan abin da ke hannuna, zan ɗauko injin kafin ka sake tashi. In na kwashi ƙarshe, bel na biyu zan saya.

Mama Rahmatu ta dube ni. Matar nan ta fi shekara ashirin tana riƙe adashi, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ta ce, "Gimba, ka fi kowa cancanta, na ba ka farko. Amma adashi ba ya tashi sai da na ƙarshe. Ka kawo mini wanda zai riƙe, mu fara." Sauran suka yarda, har da matsawa kowa ya ja baya da wata ɗaya, muddin dai ba shi ne a ƙarshe ba.

Na nema. Na je Ketaren Gwari wurin abokan aikina, na je Kpakungu, na je Bosso. Duk wanda na ce wa kwasar ƙarshe sai ya dube ni kamar na zage shi. Wani ya ce, "Me na yi maka?" A da girmamawa ce, yanzu ta zama abin da ake yi wa maƙiyi. Duk garin Minna ba sauran mai haƙuri ko ɗaya, yallaɓai, ka gama da su, ni ne na ƙarshe kuma na ajiye aiki.

Shi ne na zauna na yi tunani, wa ya cancanci wannan matsayi? Ana son wanda kowa ya sani. Kai ne, har yaran da ba su iya karatu ba sun san sunanka. Ana son wanda ba ya fashi. Kai ko Lahadi ba ka hutawa. Ana son mai hali, wanda zubi ba zai dame shi ba. Ai abin da ka kwasa a adashinmu kaɗai cikin shekara uku ya isa ka zuba na shekara goma. Kuma ka daɗe kana ci tare da mu ba ka taɓa zubawa ba, abin da ko baƙo ba ya yi.

Saboda haka, a madadin Mama Rahmatu da sauran 'yan adashi, ina farin cikin sanar da kai cewa mun ba ka kwasar ƙarshe. Mun zama goma sha uku ke nan. Zubi Asabar ɗin ƙarshen wata ne, bayan la'asar, a shagon shinkafa da ke kallon gidan Baba Ndatsu. Da Naira ake zubawa, kuma da Naira za ka kwasa, cif-cif, ko sisi ba zai ɓace ba. Abin da za ta iya saya maka a ranar kuwa, wannan kai ka fi mu sani.

In ka karɓa, ka aiko da amsa kafin ƙarshen wata, domin Baba Ndatsu ba zai jira ba. In ka ƙi, ba za mu yi mamaki ba. Za mu dai san cewa kuɗin da kake yanka wa farashi kullum, kai ma ba ka yarda ka riƙe shi shekara guda ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya, ya rage maka tsawo.

Naka mai biyayya, wanda bai taɓa fashin zubi ba,

Gimba Suleiman,
Mai buga bulo,
Sauka Kahuta, Minna.